Jami'in da aka kora don ya ƙi bin umarni: yadda ake mayar da shi aiki da inda shari'ar ke lalacewa

Duk lokacin da labari ya iso majalisun Agege ko Idi-Araba cewa an sallami wani ɗan Arewa daga aiki a Apapa ko Ikeja saboda ya ƙi sa hannu a takardar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, magana ɗaya ake yi: ai yana da gaskiya, kotu za ta mayar da shi. Wani ya kawo hadisin nan cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Wannan gaskiya ne a addini, amma alƙalin da ke zaune a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi ba daga nan yake farawa ba. Abin da yake fara tambaya shi ne wane irin aiki mutumin yake yi, wa ke da ikon korarsa, kuma an bi matakan da doka ta shimfiɗa ko an tsallake. Mutum na iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari ya faɗi, wani kuma da ake zargi da laifi ya koma kujerarsa saboda an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali.

Ba kowane ma'aikaci ake mayarwa ba

Dokar Najeriya ta raba masu aiki gida uku, kuma makomar mutum ta rataya ne a kan gidan da ya faɗa.

Na farko shi ne wanda doka ce da kanta ta tsara yadda ake ɗaukarsa da yadda ake hukunta shi: ma'aikacin gwamnatin tarayya ko na jiha da aka tabbatar da shi a aiki, malamin jami'ar gwamnati, ɗan sanda, babban ma'aikacin asibitin koyarwa. Irin wannan idan aka kore shi ba tare da bin matakan ba, kotu kan ce korar ba ta faru ba sam a idon doka, yana nan a matsayinsa tun ranar da aka ba shi takarda. Tubalan wannan ƙa'ida biyu duk a Legas aka aza su. A shari'ar Shitta-Bey da hukumar kula da ma'aikatan tarayya, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1981, babbar kotu ta riga ta ce ritayar dolen da aka yi masa haramtacciya ce, hukumar ta ƙi mayar da shi, sai Kotun Ƙoli ta tilasta mata. A 1985 kuma, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, jami'ar ta sallami farfesoshi ta ba su albashin wata shida a madadin sanarwa, tana ganin ta fita haƙƙinsu. Kotun Ƙoli ta ce a'a, dokar da ta kafa jami'ar ta tanadi yadda za a saurari mutum kafin a cire shi bisa zargin laifi, kuɗi ba ya maye gurbin wannan.

Na biyu shi ne ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, banki ne ko masana'anta a Ikeja ko kamfanin fiton kaya a Tin Can. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kotu ba ta ɗora wa mai gida yaron da ba ya so. Abin da ake samu diyya ce. A da diyyar ba ta wuce albashin lokacin sanarwa, wata ɗaya ko uku. Gyaran tsarin mulki na uku, na shekarar 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma yadda ake yi a sauran ƙasashe, don haka yanzu ana tambayar kamfani dalilin kora, kuma diyyar ta ƙaru. A shari'ar Sahara Energy da Oyebola a 2020, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara biyu. Amma komawa kujera a kamfani abu ne mai wuya, sai dai a wurare ƙalilan, kamar wanda aka kora saboda harkar ƙungiyar ƙwadago, ko daraktan da aka cire ba tare da bin dokar kamfanoni ba, irin abin da ya faru a shari'ar Longe da First Bank a 2010.

Na uku shi ne mai muƙamin siyasa: minista, kwamishina, mai ba da shawara. Wanda ya naɗa shi na iya sauke shi da safe ba tare da faɗin dalili ba. Nan babu dogon bayani.

Akwai tarko a tsakanin gida na farko da na biyu. Yin aiki a hukumar gwamnati kaɗai ba ya sa mutum cikin gida na farko. Sai an duba takardar ɗaukar aiki da dokar da ta kafa hukumar an ga cewa sharuɗɗan aikin daga doka suka fito. Wanda ke aikin kwantiragi, da wanda bai kammala zaman gwaji ba, ƙafarsu ba ta da ƙarfi sosai. Lauyan da bai nemi ganin takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa a zaman farko ba, a yi hattara da shi.

Umarnin da ya saɓa doka daban, wanda ya saɓa wa zuciya daban

Wannan shi ne bambancin da mutane suka fi kasa yi, kuma a nan ne rabin shari'o'in suke mutuwa.

Dokokin aikin gwamnati sun lissafa ƙin bin umarni cikin laifuka, amma umarnin da suke nufi shi ne halastacce. Idan aka ce wa akanta ya sa hannu a biya kuɗin kwangilar da ba a yi ba, ko aka ce wa jami'in sayayya ya raba kwangila ɗaya gida biyar don kauce wa tallata ta, ƙin yi ba laifi ba ne. Yin ne laifi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, tare da kora, ga jami'in da ya karya ta. Sashe na 32 na kundin laifuka da Kudancin ƙasar nan ya gada ya ce bin umarnin na gaba kariya ce, sai dai idan haramcin umarnin a bayyane yake. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce umarnin babba ba hujja ba ne ga wanda ya azabtar da mutum. Saboda haka jami'in da ya ƙi irin waɗannan yana tsaye a kan doka, ba a kan ra'ayinsa kawai ba.

Amma idan umarnin halal ne a doka, shi ne dai zuciyarsa ko addininsa ya ƙi, lamarin ya canza. Misali jami'in da aka tura rushe rumfunan kasuwa bisa umarnin kotu ya ce tausayi ba zai bar shi ba, ko wanda aka ba shi aikin lissafin kuɗin ruwa ya ce addininsa ya hana. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, kuma kotuna suna ɗaukarsa da muhimmanci; a 2022 Kotun Ƙoli ta dogara da shi wajen tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Sai dai sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu. A aikace, mai irin wannan uzuri ya fi samun nasara idan ya nemi a rubuce a sauya masa aiki ko a ba wani wannan ɓangaren, ya nuna cewa sauyin ba zai tsayar da aikin ofis ba. Wanda ya naɗe hannu kawai ya ce ba zai yi ba, ya ba su sandar dukansa.

Na soja ya fi kowanne tsauri. A Disamban 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuwa suka ce makamai ne ba a ba su ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma, kuma a 2015 rundunar ta mayar da sama da sojoji 3,000 da aka kora, bayan ta sake duba fayilolinsu. Wannan sassauci ne daga cikin gida. Dokar sojoji ta wajabta wa mai koke ya bi matakan cikin gida har ƙarshe kafin ya doshi kotun farar hula.

Ranar da aka ƙi, a ranar ake gina shari'a

Ba a fafe gora ranar tafiya. Umarnin banza kusan kullum da baki ake bayar da shi, a ofis ƙofa a rufe, ko ta waya. Bayan wata shida, takardar da za ta fito ba za ta ce "ya ƙi sa hannu a kuɗin bogi" ba. Za ta ce rashin ladabi, ko makara, ko fashin aiki, ko fitar da sirrin ofis. Wanda bai bar sawu a rubuce ba, maganarsa ce kawai a kan ta shugabansa.

Abin da gogaggun ma'aikata ke yi shi ne su mayar da umarnin cikin fayil. A rubuta wa shugaban a taƙaice, cikin ladabi: ranka ya daɗe, dangane da umarninka na ranar kaza cewa a biya kuɗin kaza, na lura babu takardar shaidar kammala aiki, kuma ƙa'idar kuɗi ta hana biya ba tare da ita ba, ina neman ƙarin haske a rubuce. A sa kwanan wata, a kai wa sakatare ko rajista, a karɓi kwafi mai hatimin karɓa. Kada a zargi kowa da sata a cikin wannan takarda, kada a yi wa'azi. Sau da yawa wannan kaɗai kan kashe maganar, domin mai umarnin ba ya son sa hannunsa ya bayyana.

Idan takardar tuhuma ta zo, a amsa cikin wa'adin da aka rubuta. Dokokin tarayya sun san awa 72, wasu ofisoshin kan rubuta ƙasa da haka. Fushi kan sa wasu su ƙi amsawa, wannan kuwa kuskure ne babba, domin daga baya ba za su iya cewa ba a saurare su ba. A amsa zargi ɗaya bayan ɗaya, a maƙala kwafin takardar farko, a nemi a ba da takardun da za a yi amfani da su a kansa. Idan an kafa kwamitin bincike, a halarta, a nemi yi wa shaidu tambayoyi, kuma idan wanda ya ba da umarnin yana zaune cikin kwamitin, a rubuta ƙorafi nan take. Mai ƙara ba ya zama alƙali, kuma wannan kaɗai ya isa rushe hukunci a ƙarƙashin sashe na 36 na tsarin mulki, wanda ya tanadi a saurari kowa cikin adalci.

Wasu abubuwan da lauya zai bincika: wa ya sa hannu a takardar kora? A gwamnatin tarayya, hukunta wanda ke matakin albashi na 14 zuwa sama yana hannun hukumar kula da ma'aikata ne, babban sakatare ba shi da ikon korarsa shi kaɗai. An kammala binciken cikin kwana 60 da ƙa'ida ta tanada? Dakatarwar da aka yi masa wace iri ce, mai rabin albashi ko wadda ake tsayar da albashi gaba ɗaya, kuma an cika sharuɗɗanta? Ma'aikacin jihar Legas kuma ya sani cewa dokokin aikin jihar daban suke da na tarayya, hukumarsa tana Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar take, kada a ɗauko littafin Abuja a kafa hujja da shi.

Gargaɗi ɗaya: kada a kwashe fayilolin sirri a kai gida da sunan tara hujja. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ranta. Gaskiya ne sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya ba da kariya ga jami'in da ya fallasa abin da ya yi imani karya doka ne ko almubazzaranci, amma shirin kwarmata bayanai da ma'aikatar kuɗi ta ƙaddamar a Disamban 2016 manufa ce ta gwamnati, ba dokar majalisa ba. Abin da ya fi aminci shi ne mutum ya riƙe kwafin wasiƙun da ya rubuta da waɗanda aka rubuto masa, sauran kuma lauya ya nemi kotu ta sa a kawo. Saƙonnin WhatsApp suna karɓuwa, amma sai an haɗa da takardar shaida da sashe na 84 na dokar shaida ya nema, kuma kada a sayar da wayar.

Wata uku

A Legas al'adarmu ce idan abu ya faru a fara da manya: a je wurin Sarkin Hausawa, a nemi wani ɗan majalisa, a sami wani tsohon darakta ya sa baki. Ba laifi ba ne, wani lokacin ma ya fi kotu sauri. Haka rubuta koke ga hukumar kula da ma'aikata, ko hukumar karɓar koke-koken jama'a da aka kafa a 1975, ko kwamitin ƙorafi na majalisa. Amma waɗannan biyun na ƙarshe shawara kawai suke bayarwa, ba sa tilastawa, kuma duk wannan zirga-zirga ba ta tsayar da agogo.

Dokar kare jami'an gwamnati ta ce ƙarar da za a kai hukuma kan abin da ta yi a bakin aiki a shigar da ita cikin wata uku. Ko wannan ya shafi rikicin aiki? Kotun Ƙoli ta ce bai shafa ba a shari'ar Ajibola Johnson, sannan a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi a 2021 ta yi amfani da shi ta kori ƙarar ma'aikata. Tunda manya sun yi magana biyu, mai hankali ya ɗauki mafi tsauri: ya lissafa wata uku daga ranar da takardar kora ta shiga hannunsa. A cikin wata ukun nan kuma akwai wani rami. Dokokin hukumomi da yawa sun ce sai an ba su sanarwar niyyar kai ƙara, galibi wata ɗaya, kafin a shigar. Wanda ya jira sai mako na goma sha ɗaya ya je wurin lauya, ya makara ko da bai makara ba.

Kotun da za a je ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita kaɗai ke da hurumi bisa sashe na 254C na tsarin mulki. Ko manya sun yi tuntuɓe a nan: ƙarar da Sanusi Lamido Sanusi ya shigar a Babbar Kotun Tarayya kan dakatar da shi daga shugabancin Babban Banki a 2014, kotun ta ce ba huruminta ba ne, ta tura ta Kotun Ma'aikata. Ana shigar da ƙara ne da komai a haɗe tun ranar farko: bayanin abin da ya faru, rantsuwar shaidu a rubuce, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. Ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta kai wa Kotun Ƙoli. Wannan ya rage tsawon hanya idan aka tuna malamai 49 na Jami'ar Ilorin da aka kora a 2001, ba su sami hukuncin ƙarshe ba sai 2009, wasunsu ma sun rasu kafin nan.

Kuɗin sallama da aka turo asusu fa? Lauyan hukuma zai ce karɓarsu yarda ce da korar. Kotuna ba koyaushe suke amincewa da wannan ba idan korar haramtacciya ce tun asali, amma gara a rubuta nan da nan cewa ba a amince ba, kuma in da hali kada a taɓa kuɗin. Takardar ajiye aiki kuwa, ko da an ce "rubuta kawai don mu rufa maka asiri", kada a rubuta.

Hukunci a hannu, ƙofa a rufe

Kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba. Wanda ya nemi kawai a bayyana cewa korarsa haramun ce, zai fita da takardar da ba ta umarci kowa ya yi komai ba, irin halin da Shitta-Bey ya shiga. Dole a jera buƙatu: a soke takardar kora, a umarci mayar da shi, a biya albashi da alawus daga ranar kora zuwa ranar komawa, a zuba kuɗin fanshon da aka tsallake, wato kashi 10 daga mai ba da aiki da kashi 8 daga ma'aikaci bisa dokar 2014. Kuma kuɗi sai an lissafa su dalla-dalla da takardar albashi. "Duk haƙƙoƙina" ba adadi ba ne. Ƙarin girma ya fi wuya, domin kotuna suna kallonsa a matsayin abin da ake cancanta ta jarrabawa da gurbi. Wanda ya yi shekara shida a waje yana iya dawowa ya tarar yaransa sun zama iyayen gidansa, tunda daga mataki na 7 zuwa 14 shekara uku-uku ake yi. Abin da za a roƙa shi ne a ba shi damar zama jarrabawar da ya rasa, a kuma lissafa girmansa daga lokacin da ya kamata.

Lokaci ma abokin gaba ne. Idan mutum ya cika shekara 60 ko ya kai shekara 35 da fara aiki ana cikin shari'a, babu kujerar da za a mayar da shi, sai kuɗi da fansho. Mai wa'adin shekara huɗu ko biyar, wa'adin ba ya jira. Labarin Mai shari'a Isa Ayo Salami ya nuna haka. Yana shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ya yi zargin cewa alƙalin alƙalai na lokacin ya nemi ya sa baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato, zargin da aka musanta kuma majalisar shari'a ta ƙasa ba ta gaskata ba. Ya ƙi ba da haƙuri, aka dakatar da shi a Agustan 2011. A Mayun 2012 majalisar da kanta ta ba da shawarar a mayar da shi, amma har ya cika shekara 70 a Oktoban 2013 bai koma ofis ba. Ita kuwa Mai shari'a Raliat Elelu-Habeeb, babbar alƙaliyar Kwara da gwamna da majalisar jiha suka cire a 2009, ta koma a 2012 saboda Kotun Ƙoli ta ce an tsallake majalisar shari'a. Matakin da aka tsallake ne ya dawo da ita.

Idan hukuma ta ƙi bin hukunci, ana isar wa shugabanta, shi da kansa, da Fom 48, wato gargaɗin abin da ke biyo bayan raina kotu, sannan Fom 49 da ke kiransa ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi. Kuskure kaɗan wajen isar da takardun nan kan rushe komai a sake daga farko. Ƙwato kuɗi daga asusun gwamnati kuma yana cin karo da sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ke neman amincewar Antoni Janar, ga shi tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya suna asusun bai ɗaya a Babban Banki. Shi ya sa da yawa kan karɓi sulhu ta cibiyar sasanci ta kotun, a biya su kashi-kashi, a rubuta yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu.

Wanda ya koma kuma ya kai kansa da wasiƙar kama aiki da kwafin hukunci mai hatimin kotu, ya karɓi shaidar karɓa, ya bi sunansa har ya koma tsarin biyan albashi, IPPIS a tarayya ko na jiha a Alausa, domin wannan ba ya faruwa da kansa. Hukunci ya mayar da shi matakinsa da albashinsa ne, bai hana a yi masa canjin wurin aiki ba. Idan aka ɗauke shi daga Apapa aka tura shi wani ofis da babu ko teburi, ya je ya kama aiki tukuna, sannan ya rubuta ƙorafi. Ƙin zuwa inda aka tura mutum laifi ne mai zaman kansa a dokokin aiki, kuma a wannan karon za su bi kowane mataki daki-daki.